Ko Ka San Maganin Ƙazwar Raƙumi a Sahara?

Raƙumi yana iya yin kwanaki bai sha ruwa ba, amma wata 'yar ƙwaro da ido ba ya gani tana iya kayar da shi. Ita ce mai haddasa ƙazwa. Takan haƙa rami a cikin fata ta yi ƙwai, sai raƙumi ya dinga goga jikinsa da itace ko dutse har gashi ya zube, fata ta yi kauri ta tsattsage. Ba ya samun sukunin kiwo, sai rama. Cutar kuma tana yaɗuwa cikin garke ta gogayya da sirdi.

Abzinawan yankin Tamanrasset, a duwatsun Ahaggar da ke kudancin Aljeriya, da sauran masu raƙuma na Sahara har Sudan, sun daɗe da sanin maganinta a jikin wani tsiro mai yaɗo a kan yashi: kwartowa, wadda Larabawa ke kira hanzal. Dangin kankana ce da guna. Saiwarta na nitsewa ƙasa sosai, shi ya sa take nan kore shar lokacin da ciyawa ta ƙone. 'Ya'yanta kamar girman lemo ne, masu zane-zane, in sun bushe su koma rawaya.

Ƙwayoyin cikinsu ake tarawa a gasa su a rufaffiyar tukunya, har wani baƙin mai kamar kwalta, mai ƙauri, ya tsattsafo. Shi ake shafa wa raƙumi a inda gashi ya zube. Akan shafa shi a salkar ruwa ma, don ya kori dabbobi.

Mutane kuma suna dumama ɗanyen ɗan kwartowa su ɗora a gaɓar da ke ciwo. Tun kafin zamanin shahararren likita Ibn Sina, likitoci sun san tsokar cikinta a matsayin maganin wankin ciki, amma a nan haɗarin yake: ɗacin nan nata guba ne, kaɗan ya wuce kima sai zawo da jini, har ƙoda ta taɓu.

A yau likitocin dabbobi suna yi wa raƙumi allurar Ivermectin. Mai raƙuma, da ka ga dabba tana yawan susa, ware ta daga garke ka nemi malamin dabbobi. Kwartowa kuwa, kada a kai ta baki, musamman yara da masu juna biyu.