Arawa tsakanin Gwandu da Argungu: yadda sarakuna ke zaɓen aboki a yaƙin addini

A shekarar 1849 Yakubu Nabame, ɗan Sarkin Kabi Karari, ya juya wa Sakkwato da Gwandu baya, ya kafa kansa a Argungu. Musulmi ne, ya kuma shafe shekaru masu yawa a fadar Sarkin Musulmi bayan an kashe mahaifinsa a 1831. Amma da ya ɗaga takobi, waɗanda suka amsa kiransa su ne Zabarmawan Dosso da Dandawa da Arawan Dallol Mawri, waɗanda da yawa daga cikinsu a lokacin azna ne. Musulmi ya haɗa kai da masu tsafi don ya yaƙi daular malamai. Duk mai son fahimtar yadda addini ke shiga hulɗar sarki da sarki, ba sai ya je nesa ba, ƙasar da yau ake kira gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Dosso ta Nijar ta ishe shi. (Tibirin Arewa ake nufi, ba Tibirin Gobir ta kusa da Maraɗi ba.)

Sarautar Arewa tun asali hawa biyu gare ta. Akwai masu ƙasa, Gubawa, waɗanda Sarauniya ta Lugu da Baura na Bagaji ke jagoranta, su ne ke da hulɗa da iskoki da ruwan sama da dutsen Tunguma mai yanke shari'a. Akwai kuma 'yan sarki, waɗanda tarihin baka ya ce jikokin Ari ne, wani ɗan sarkin Barno, ta wajen ɗansa Akazama. Doki da mashi nasu ne, Matankari ta zama cibiyarsu, amma sarauta ba ta zauna musu sai da yardar masu ƙasa. Masanin Faransa Marc-Henri Piault ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na tarihin Mawri, watau Arawa, da ya fito a 1970.

To sai ga jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Birnin Kabi ta faɗi a 1805, Alƙalawa ta Gobir a 1808. Da aka raba daula, yamma ta faɗa hannun Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, Arewa da Zabarma da Dandi suna cikin rabonsa. A nan Sarkin Arewa ya sami kansa tsaka mai wuya. In ya karɓi tuta da gaske, dole ya raba gari da Lugu da Bagaji, watau da waɗanda suka ɗora shi. In ya ƙi, dawakin Gwandu na tafe. Abin da aka yi shi ne abin da ƙaramin sarki ya saba yi: a kai gaisuwa lokacin da babba ke da ƙarfi, a riƙe hannu lokacin da ya yi rauni. Gidajen sarauta masu takara da juna su ma sun ga dama, wanda ya rasa gadon sarauta yakan nemi mai ɗaure masa gindi a waje, ko wace irin salla yake yi.

Turai ta sha irin wannan ruwa shekaru ɗari uku kafin haka. Bayan Martin Luther ya ƙalubalanci Fafaroma a 1517, Kiristocin yamma suka rabu gida biyu, Katolika da Furotesta, sarakuna kuma suka bi. A 1570 Fafaroma Pius na Biyar ya fitar da Sarauniya Elizabeth ta Ingila daga coci, ya ce talakawanta ba su da wajibcin yi mata biyayya. A 1588 Sarki Philip na Biyu na Sifaniya, wanda ya taɓa auren yayarta Mary, ya aika da rundunar jiragen ruwa don ya tumɓuke ta, aka tarwatsa su. Elizabeth kuwa, da ta duba ta ga maƙwabta Katolika sun kewaye ta, sai ta miƙa hannu ga Musulmi. Ta yi ciniki da wasiƙu da Ahmad al-Mansur na Maroko, jakadansa ya je Landan a 1600. Wannan al-Mansur shi ne ya aiko da bindigogin da suka karya daular Songhai a Tondibi a 1591, daular da Kanta na Kabi ya ɓalle daga cikinta tun da fari. Faransa ta fi kowa fito da abin fili: ƙasa ce ta Katolika, babban limamin coci Richelieu ne ke riƙe da gwamnatinta, amma a 1635 ta shiga Yaƙin Shekara Talatin a gefen Suwidin ta Furotesta, don kawai ta karya gidan Habsburg da ya matse ta ta gabas da kudu.

Kada a ce addinin ado ne kawai a kan waɗannan yaƙe-yaƙe. Mutane sun mutu suna masu imani da abin da suke yi wa yaƙi. Sai dai aikin da addini ya fi yi wa sarki shi ne amsa tambaya guda: wa ya halatta a yaƙa? Hukuncin Fafaroma na 1570 ya mai da kisan Elizabeth abin da mai ibada zai iya tunani a kai. A ƙasar Hausa ma gardamar da ta fi zafi ke nan, kuma tsakanin Musulmi aka yi ta. Shehu al-Kanemi na Barno ya rubuto wa shugabannin jihadi cewa zunubi ba kafirci ba ne, mutanen da ke salla da azumi ba a yaƙarsu da sunan jihadi don an ga bidi'a a cikinsu. Muhammadu Bello ya amsa cewa wanda ya taimaki kafirai a kan Musulmi ya zama ɗaya daga cikinsu, ya kuma adana wasiƙun a littafinsa Infakul Maisuri. A duba hujjar Bello da kyau: ta ɗaure imanin sarki da abokan da ya zaɓa. Da wannan ma'auni, ranar da Nabame ya yi ƙawance da Arawa ya fita daga sahu a idon Gwandu, ko da bai bar salla ko ɗaya ba. Ni a ganina al-Kanemi ya fi hango inda wannan hanya za ta kai, domin hujjar da ta mai da siyasar waje ma'aunin imani ba ta barin ƙofar sulhu sai da kunya.

Me ya ja Arawa ga Argungu? Ba son Musuluncin Kabawa ba ne, ba kuma ƙin na Gwandu kaɗai ba. Kabi ba ta nemi su bar Tunguma ba, mayaƙa take so. Gwandu kuwa na neman gaisuwa, ga kuma Fulanin Dallol Bosso da ke ƙarƙashin inuwarta suna matsa wa Zabarmawa. Ga gishirin Dallol Foga, ga hanyar fataken goro da ke bi ta Dandi zuwa Gwanja, duk wanda ya riƙe su ya riƙe arziki. Samna Ƙarfe na Tibiri yana cikin jaruman da ake ambata a wannan ƙawance, tare da Dauda Bugaram na Dosso da Isa Korombe, kuma har yau sarautar Tibiri Samna ake ce mata. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya tarar da yammacin daular a hargitse, hanyoyi babu aminci. An kashe Nabame a 1854, amma abin da ya ƙulla bai warware ba.

A 1867 aka yi abin da Kabawa ke kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i. Sakkwato da Gwandu suka yarda Argungu ta ci gashin kanta, kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. Babu wanda ya sauya fatawa, babu wanda ya ce ya yi kuskure. Haka sarakunan Jamus suka yi a Augsburg a 1555, inda aka bar wa kowane basarake ya zaɓa wa ƙasarsa coci, haka kuma aka maimaita a Westphalia a 1648 bayan an gaji da zubar da jini. Lafiyar Toga shekara takwas ta yi, yaƙi ya dawo a 1875, ya yi tsanani zamanin Sarkin Kabi Sama'ila da ya hau a 1883.

Turawa ne suka zo suka tarar da wutar tana ci. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Lugu bayan Sarauniya Mangu ta tsaya mata. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, aka sake gyara iyakar a 1904 da 1906, ƙasar Arawa ta tsage biyu: Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri a Nijar, Kangiwa a Nijeriya, inda yau take hedikwatar ƙaramar hukumar Arewa Dandi a jihar Kebbi. Musulunci kuwa, wanda dawakin Gwandu suka kasa shigarwa cikin Dallol Mawri gaba ɗaya, ya bazu a ƙarni na 20 ta hannun fatake da malamai da 'yan ci-rani. Gabar Sakkwato da Argungu ba ta mutu a hukumance ba sai a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa kamun kifi a Matan Fada, bikin da ya zama gasar kamun kifi ta Argungu.