Tankar Yaƙi a Tafin Hannu

(KIƊAN BUƊE SHIRI, A RAGE SHI A HANKALI)

Mutanen Kujama da Kasuwan Magani, na Kachia da Zonkwa, na Kagoro da Kafanchan, da duk inda muryarmu ta kai, sannunku da aiki. Shirinmu na musamman na yau a kan tankar yaƙi yake. Kada hankalin kowa ya tashi. Wadda za mu yi magana a kanta ba ta harbi, ba ta shan mai, kuma yaro ɗan shekara bakwai zai ɗauke ta da hannu ɗaya.

A Turai da Amurka da Japan akwai manyan mutane, masu iyali har da furfura, waɗanda ba su da abin sha'awa kamar tara ƙananan tankokin yaƙi. Wasu na ƙarfe ne, a haɗe ake sayensu, irin na Dinky da aka riƙa fitarwa daga Liverpool a shekarun 1950. Amma waɗanda suka fi daraja a wurinsu su ne na roba, masu zuwa cikin kwali gunduwa-gunduwa, mutum ya zauna ya haɗa da kansa.

Ga yadda aikin yake. Ya buɗe kwali, ya tarar da ɗaruruwan gutsattsari maƙale a jikin firam. Ya yanko kowanne da 'yar wuƙa mai kaifi, ya goge bakinsa da samfefa, ya ɗauke shi da hantsaki domin yatsa ya yi masa girma, ya ɗiga gam da bakin tsinke. A wani kwalin ma, sarƙar da tankar ke tafiya a kai gaɓa-gaɓa take zuwa, sai ya jera su ɗaya bayan ɗaya har su zagaye ƙafafun. Ya yi fenti, ya manna lambobi da tambarin runduna. To, a nan ne abin yake ba ni mamaki: bayan ya gama tsaf, tanka tana ƙyalli, sai ya dawo yana ɓata ta da gangan. Ya zana tsatsa a gindin kusoshi, ya shafa baƙi a bakin igwa da wajen salansa, ya kwaɓa garin launi ya yaɓa a sarƙa kamar laka. A wurinsu, tankar da ba ta yi datti ba ba ta gamu ba.

Duk wannan aiki a kan ƙa'ida ɗaya yake tafiya, wato ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne ɗaya bisa 35. Ma'ana, duk santimita 35 a jikin tankar gaske, santimita ɗaya ce a jikin ƙaramar. Tankar Jamus da ake kira Tiger, idan aka haɗa da igwarta, ta kai mita 8 da kusan rabi. Raba da 35, ka samu santimita 24, ba ta kai tsawon rular 'yan makaranta ba. Sojan da ke tsaye kusa da ita santimita 5 ne. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ne ya kafa wannan ma'auni, kuma ba da wani dogon lissafi ba. A farkon shekarun 1960 sun ƙera 'yar tanka ƙirar Panther mai tafiya da batir, suka yi ta daidai girman da batir biyu da ɗan injin za su shiga cikinta. Da aka auna daga baya, sai aka ga ɗaya bisa 35 ce. Sauran kamfanoni suka bi sahu har yau.

(ƊAN KIƊA)

Tanka ta fara shiga fagen daga ranar 15 ga Satumba 1916 a Faransa, lokacin yaƙin Somme. Ingila ta tanadi guda 49, da yawa suka lalace tun kafin su isa inda ake fafatawa, waɗanda suka isa kuma gudunsu bai wuce kilomita 6 a awa ba. Amma ba su ne suka cika kantocin masu tarawa ba. Na Yaƙin Duniya na Biyu ne, kuma a cikinsu Tiger ce sarauniya. Alhali guda 1,347 kacal Jamus ta ƙera tsakanin 1942 da 1944, ga shan mai, ga yawan lalacewa. Amurka ta ƙera Sherman kusan 50,000, Tarayyar Sobiyet ta ƙera T-34 fiye da haka, kuma su ne suka ci yaƙin. Tiger ɗaya tak ta rage a duniya mai tashi da injinta, wadda Ingilishi suka kama a Tunisiya a Afrilun 1943, tana gidan tarihin tankoki na Bovington, mutane na biyan kuɗi su je kallonta tana tafiya.

Ni dai a ganina, wannan sha'awa ta mutanen da yaƙi ya yi wa nisa ce. Wanda kakansa ne ya ga yaƙi, shi kuma a fim ya gani, yana iya zama ya yi sati yana neman ainihin launin da Jamusawa suka shafa a hamadar Libiya. Ba laifi ba ne, kuma a cikinsu akwai waɗanda sun san tarihi fiye da malamin aji. Sai dai mu nan lamarinmu daban ne.

Wanda ke zaune a bakin titin Kaduna zuwa Kachia ba ya bukatar kwali kafin ya san motar yaƙi. Makarantar koyon harba igwa ta sojan Nijeriya tana Kachia, kuma ta gaban Kujama ake bi a je can daga Kaduna. Ban da wannan, mun ga motoci masu sulke a ranakun da ba ma son tunawa: Kafanchan a 1987 da 2011, Zangon Kataf a 1992, Kasuwan Magani a Oktoban 2018, lokacin da dokar hana fita ta rufe har cikin garin Kaduna. Musulmi da Kirista, babu gidan da waɗannan shekaru suka bari da daɗi. Yawancin abin da muke gani a mararraba, mai tayoyin roba, motar ɗaukar sojoji ce mai sulke. Tanka ta ainihi a kan sarƙa take tafiya, igwarta tana jikin wani ƙoƙo mai juyawa a sama, kuma a kan tirela ake kai ta wuri mai nisa don kada ta farfasa kwalta. Mu ma'aikatan rediyo ma muna da namu tarihin da motocin nan. Ranar 13 ga Fabrairu 1976, da aka kashe Janar Murtala, motoci masu sulke ne suka je gidan rediyo na Ikoyi inda Dimka ya yi sanarwar juyin mulkinsa, Ibrahim Babangida ne ya jagorance su.

Abin da babba ya gani ya kawar da kai, yaro kallonsa yake yi da kyau. Ku lura da yaran unguwa bayan an yanke dawa, kara ya bushe. Yaro zai zaɓi kara mai kauri, ya ɓare bayansa da haƙori ko reza, ya fitar da totuwa fara sol. Totuwar ita ce katakonsa, ɓawon da ya tsaga siri-siri shi ne ƙusarsa. Da motar kara aka saba, da ta langa-langa, lori mai bodi ko bas. Amma yaron da ayarin sojoji ya wuce ta gabansa, gobe za ka ga motarsa ta canza. Ya kifa gwangwanin tumatir a sama, ya huda tsakiyarsa da ƙusa ɗaya don ya riƙa juyawa, ya soka bututun biro a gaba. Ƙafafu kuwa marafan kwalba ne, ko da'irar da ya yanko daga tsohon silifa, biyar a kowane gefe, ya zagaye su da robar tsohon tub na keke. In ya samu tsinkakkiyar sarƙar keke a wurin mai gyara, ranar ba mai jin kansa. Ba kwali, ba takardar bayani, ba wanda ya nuna masa. Ido ne kawai da hannu. Jar ƙasar da Bature ke sayen garin launi don ya kwaikwaya, shi a ƙofar gida motarsa ke kwasarta.

Kada wani ya ce wasan yara ne kawai. A Oktoban 1942, gab da yaƙin El Alamein a Masar, sojojin Ingila sun ƙera ɗaruruwan tankokin bogi da zarben dabino da ƙyallen akoko, suka jera su a kudu don jiragen leƙen asirin Jamusawa su gani, tankokin gaske kuma aka lulluɓe su da rumfa suka yi kama da manyan motocin kaya, aka tara su a arewa inda za a kai harin. Dabarar ta ci. Duk yaron da ya iya motar kara zai gane wannan aiki da kallo ɗaya.

(ƊAN KIƊA)

Abu biyu ne suka raba yaronmu da mai tarawa na Shizuoka, kuma kuɗi ba ya cikinsu. Na farko awo. Yaronmu da ido yake aunawa, shi ya sa igwarsa takan fi motar tsawo, domin ita ce ta fi tsaya masa a rai. Wannan ma tsohuwar ɗabi'a ce a ƙasar nan. Mutanen Nok, can ƙasar Jaba, da suka gina mutum-mutumin yumɓu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kai suke ba girma fiye da jiki nesa ba kusa ba. A wajen fasaha wannan ba aibi ba ne. Amma wanda zai zama injiniya, ko maƙeri a Panteka, dole wata rana ya koyi raba tsawo da 35 ya tsaya a kan abin da lissafi ya ba shi.

Na biyu ajiya. Motar kara kwana nawa take yi? Ƙane ya taka, akuya ta ci, gara ta shiga, ko uwa ta tura a murhu da safe. Shahararren kan yumɓun Nok ɗin nan na Jama'a ma, kafin ya isa hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a farkon shekarun 1940, a gonar doya yake, an kafa shi yana korar tsuntsaye. Muna da masu ƙerawa, masu adanawa ne ba mu da su.

Kuma in za mu adana, me ya kai mu Tiger? Muna da namu. Kakanninmu sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, daga 1943 zuwa 1945. A kwarin Kaladan, dajin da mota ba ta ratsawa, a ka suka ɗauki harsashi da abinci da sassan igwa, jirgin sama na jefo musu kaya. Sunayen da suka fito daga wannan yaƙi suna nan a barikokinmu, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, barikin Chindit a Zariya, muna faɗarsu kullum a tasha ba tare da mun tambayi daga ina suka zo ba. Marubuci Biyi Bandele, wanda aka haifa a Kafanchan a 1967, ɗan tsohon sojan Bama ne, kuma daga labaran wannan yaƙi ya rubuta littafinsa Burma Boy da ya fito a 2007. Masu tarawa na da abin da suke yi, su gina ɗan fili a kan faifan katako, da itatuwa da rafi da sojoji, ya nuna rana guda ta yaƙi. Jerin sojojinmu da kaya a ka a gefen kogin Kaladan, da yumɓu da kara za a iya yinsa, ba sai an aika Japan ba.

A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ba tankoki ne suka yi yawancin aikin ba. Sojan tarayya da Ferret mai taya huɗu da Saladin mai taya shida suka shiga, duka motoci masu sulke ƙirar Ingila. 'Yan Biyafara kuma, da aka toshe musu hanyar shigo da makamai, sai suka lulluɓe tsofaffin motoci da faranten ƙarfe suka yi nasu, waɗanda ake kira Red Devil. Suna nan a gidan tarihin yaƙi na Umuahia da aka kafa a 1985. A nan kusa kuma, masana'antar makamai ta DICON tana Kakuri tun 1964, kuma a Disamban 2019 aka ƙaddamar da Ezugwu a Kaduna, mota mai sulke mai jure nakiya, ƙirar gida.

Saboda haka, malaman firamare da na sakandare da ke saurarenmu, ga aikin aji da ba ya cin ko sisi. Tsawon Saladin ya kusa mita 5. A raba da 35, ya ba da santimita 14. A ba yara rula da kwali da kara, a ce taya shida, uku a kowane gefe, kuma kada igwa ta wuce inda hoto ya nuna. Wadda ta fi kyau a shafa mata fenti ko banish saboda gara, a rubuta sunan wanda ya yi da shekarar a ƙarƙashinta, a sa a kabad mai gilashi a ofishin hedimasta, inda ƙurar hunturu ba za ta kai ba. Iyaye kuma, Baba da Mama, in an ga ta yi kyau a ɗora ta a saman sif, a nemi wani karan a hura wutar.

Gargaɗi ɗaya, musamman ga samari masu waya. Hoton da za ku yi aiki da shi, ku nema a littafi ko a intanet. Kada wanda ya je shingen sojoji ya ɗaga waya yana ɗaukar motarsu, wai zai auna taya. Kafin ka gama bayanin ɗaya bisa 35, ka yi tsallen kwaɗo har ka gode Allah.

A nan za mu dakata.

(KIƊAN RUFE SHIRI)