Labarin Katin Hoto Mai Ƙaton Dankali, da Abin Lura ga Masu Ciniki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa mai gaskiya abin gaskatawa.

Bayan haka, Hausawa su kan ce gani ya kori ji. To, ga wani labari daga ƙasar Amurka wanda ya ke nuna cewa shi ma ganin ya kan bukaci shaida.

A farkon ƙarni na 20 mutanen Amurka sun ɗauki al'adar aika wa juna ɗan kati ta gidan waya, fuska ɗaya hoto, ɗaya kuwa rubutu. Kan sarkinsa santi ɗaya ne tak, kuma tun 1896 aka fara kai wasiƙa har ƙofar manoma. A 1907 hukuma ta yarda a raba bayan katin biyu, gefe guda gaisuwa, gefe guda adireshi, hoto ya cinye fuskar gaba duka. Nan fa kasuwar kati ta buɗe.

A garin Ottawa na jihar Kansas akwai wani mai ɗaukar hoto, William H. Martin. A 1908 ya shiga buga katuna masu ban al'ajabi: zangarniyar masara guda ta cika keken doki, dankali ya yi girman sa, albasa kuwa sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga ta. Sana'ar ta karɓe shi, ya tara dukiya cikin 'yan shekaru. Alfred Stanley Johnson na garin Waupun a jihar Wisconsin shi ma ya shahara da ita. Edward H. Mitchell na San Francisco kuwa ya riƙa buga taragon jirgin ƙasa wanda 'ya'yan itace biyu ko uku suka cika shi maƙil.

Ba sihiri cikin aikin, almakashi ne da danƙo. Mai hoto ya kan ɗauki dankali daga kusa ƙwarai har ya cika takarda. Sa'an nan ya ɗauki mutane daga nesa, sun tsaya kewaye da keken da ba kome a cikinsa, suna yunƙuri kamar masu ɗaukar kaya. Sai ya yanko dankalin ya manna a kan keken, ya gyara bakin yankan, ya sake ɗaukar hoton duka. Mai kallo ba ya ganin mahaɗi.

Dalilin wannan raha kuwa yana da ɗaci. Dokar 1862 ta ba mai so eka 160 a ƙasashen yamma in ya zauna ya noma ta shekara biyar, kamfanonin jirgin ƙasa da dillalan filaye kuma suka yi ta kururuta albarkar wurin. Waɗanda suka yi ƙaura suka tarar da fari da iska, a 1874 kuma fara ta cinye gonakin Kansas. Saboda haka manomi ya kan aika wa danginsa na gabas irin wannan kati, rabi alfahari, rabi ba'a ga masu alkawari. Har a 1935, lokacin fari da guguwar ƙura, Frank Conard na Garden City ya buga katunan babe mai girman doki, mutane suna saye suna dariya, gonakinsu kuwa ƙurmus.

Malamai sun bambanta tsakanin wasa da algus. Wanda ya ga dankali kamar sa ya san almara ce, kamar yadda mai sauraron tatsuniya ba ya zargin mai ba da ita. Amma duk da haka an ruwaito gargaɗi mai tsanani ga mai shara ƙarya don ya ba mutane dariya, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan yi raha amma ba ya faɗin kome sai gaskiya. Algus kuwa ya fi muni. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya cusa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa an rufe shi da busasshe, ya nisanta mai yin haka daga jama'arsa.

Ƙaryar da ta kai girman sa ba ta cutar kowa, domin ta tona kanta. Abin tsoro shi ne 'yar ƙaramar ƙari wadda ido ya ke karɓa. Yau ɗan kasuwa a Kano ya kan sayi wake ko barkono ta hoton da aka turo masa a waya, kwamfuta kuwa tana yin aikin almakashin Martin cikin ƙiftawar ido: ta ƙara wa ƙwaya girma, ta share ƙwari, ta gyara launi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffa, kuma a mazhabar Malik in kaya ya zo saɓanin siffarsa mai saye yana da zaɓin mayarwa. Hoto siffa ce. Wanda ya ƙawata shi fiye da kayansa ya rufe jiƙaƙƙe da busasshe ke nan. Mai saye kuma ya nemi samfur a tafin hannu, ko amintaccen wakili wanda zai cusa hannu har gindin buhu, kafin ya saki kuɗinsa.

Ƙarya fure ta ke yi, ba ta 'ya'ya. Allah ya tsare Musulmi daga cin haram, ya sa albarka a mudu da sikeli. Haza wasalam.