Daga Teburin Zane zuwa Filin Gini: Yadda Ake Horar da Mai Zanen Gine-gine

A Zariya akwai makarantun gini guda biyu, tsakaninsu 'yar tafiya ce a mota. Ta farko tana cikin ganuwa, ba aji ba allo. Ita ce ta magina, wadda ta haifi Muhammadu Durugu, wato Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Ta biyu tana Samaru, ita ce Sashen Zanen Gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya girmi kowane irinsa a Nijeriya. An fara kwas ɗin ne a 1952 a reshen Ibadan na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, aka dawo da shi Zariya a 1955, sannan ya shiga ƙarƙashin jami'ar da aka kafa ta a 1962. Manhajarsa ta farko an ɗora ta ne a kan tsarin ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Ingila, RIBA.

Ɗan magini yana koyo da ƙafa a cikin kwaɓi, ɗalibin jami'a kuwa da fensir a hannu. Kowanne akwai abin da ya riƙe, akwai kuma abin da ya kuɓuce masa. Ɗalibin da ke karatun zanen gini a yau a Zariya, ko Kano, ko Wudil, ko Bauchi, ko Minna, ko Jos, ba ya zama cikakke sai ya haɗa ilmin nan biyu, kuma hanyar da aka shimfiɗa masa ba kullum take kai shi ga haɗa su ba.

Doguwar hanya

Iyaye da yawa suna zaton shekara huɗu ce, yaro ya fito ya fara karɓar aiki. Lamarin ya fi haka tsawo. A yawancin jami'o'in Nijeriya digirin farko shekara huɗu ne, a jami'o'in fasaha irin ta Minna kuwa biyar. Bayansa akwai hidimar ƙasa, sai digiri na biyu, wanda yakan ci kimanin shekara biyu, kuma shi ne matakin da ke buɗe ƙofar sana'ar. Daga nan sai aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya yi rajista, na aƙalla shekara biyu, sannan jarrabawar ƙwarewa. Wanda ya tsallake ta ne hukumar ARCON, da aka kafa da doka mai lamba 10 ta 1969, take sa sunansa a rajista, ya sami hatimin da zai buga a kan zane. Ƙungiyar masu sana'ar, NIA, ta riga hukumar haihuwa, domin a 1960 aka kafa ta. A Nijar kuwa, da yawa daga cikin masu zanen gini sun yi karatu ne a makarantar EAMAU da ke Lome, babban birnin Togo, wadda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka haɗu a kanta.

Tsawon nan yana da dalili. Zanen da aka yi da ganganci yana iya danne iyali guda a dare ɗaya, kuma ginin nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a watan Nuwamban 2021 ya tunatar da kowa nauyin da ke kan duk wanda ya sa hannu a takardar gini. Shi ya sa hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna suke neman ganin zane kafin a haƙa harsashi.

Ɗakin zane

Zuciyar karatun tana situdiyo, wato ɗakin zane. Sauran darussa, kamar tarihin gine-gine, da lissafin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka, da sanin kayan gini, da tsarin ruwa da lantarki, duk hidima suke yi wa abin da ake yi a ɗakin nan. A shekarar farko ana horar da hannu da ido: jan layi, rubutun zane, inuwa, da ƙanƙantar da abu bisa ma'auni, yadda santimita ɗaya a takarda zai wakilci mita ɗaya a ƙasa. Ana kuma sa ɗalibi ya auna jikin mutum da motsinsa, ya san faɗin ƙofar da mai ɗauke da kaya zai wuce, da tsayin matakalar da tsohuwa za ta hau ba tare da ta dafa gwiwa ba.

Ayyukan zane suna girma tare da ɗalibi. Yakan fara da rumfar jiran mota ko ƙaramin shago, ya wuce gidan iyali ɗaya, sai firamare ko ƙaramin asibiti, sai kasuwa ko tashar mota. A matakin digiri na biyu shi yake zaɓar babban aikinsa, ya rubuta kundin bincike a kansa, sannan ya zana shi daga harsashi har rufi. Kowane aiki yana farawa da ziyarar fili: ina rana take ɓullowa, ina ruwa yake gangarawa, wace bishiya ce bai kamata a sare ba, su wa ke maƙwabtaka. Sai nazarin gine-gine irinsa da aka riga aka yi, sai zanen shimfiɗa, da na fuska, da na tsagi wanda ke nuna cikin gini kamar an yanka shi biyu, sai ɗan samfuri na kwali.

Ƙarshen kowane aiki shi ne ranar kare zane, wadda ɗalibai ke kira juri. Ɗalibi zai manna takardunsa a bango, ya tsaya gaban malamai da baƙin ƙwararru, yawanci bayan ya yi kwanaki ba barcin kirki. Tambayoyin ba su da ado: "Ina arewa a zanen nan? Wannan bene me ya riƙe shi? Idan gobara ta tashi, ta ina mutane za su fita? Motar kwashe shara ta ina za ta shiga?" A nan ake koyon abin da babu shi a jadawali, wato tsayawa a kare ra'ayi, da haɗiye gyara ba tare da fushi ba. Wanda bai iya wannan ba, zai sha wuya ranar da ya zauna gaban Alhajin da ke biyan kuɗin gini.

Kwamfuta ta sauya ɗakin zane ƙwarai. AutoCAD, Revit, ArchiCAD, SketchUp da Lumion sun zama kayan aikin yau da kullum, kuma ofishin da zai ɗauki sabon hannu ba tare da ya iya ko biyu daga cikinsu ba yana da wuyar samu. Sai dai sun zo da wata fitina. Ɗalibi yana iya fitar da hoto mai ɗaukar ido, bene duk gilashi, da ciyawa shar, alhali bai tambayi kansa yadda ɗakin zai kasance da azahar a watan Afrilu a Sakkwato idan an ɗauke wuta ba.

Wata shida a waje

Don cike wannan giɓi aka tanadi zuwa koyon aiki. Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarsa ke Jos, shi ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, bayan masana'antu sun yi ta kukan cewa masu fitowa daga manyan makarantu ba su san aikin hannu ba. A jami'o'i da dama ɗalibin zanen gini yakan yi wata shida a wani ofishi ko wurin gini, yana rubuta abin da ya yi kullum a littafin da shugabansa zai sa wa hannu.

Idan aka dace, watannin nan sun fi kowane zango albarka. A filin gini ne ɗalibi zai ga yadda ake fitar da kusurwa da igiya da fegi, a auna uku nan, huɗu can, biyar a karkace. A nan zai gane cewa haɗin 1:2:4 da ya haddace, a bakin lebura yana nufin buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, kuma idan ya kau da kai yashin zai ƙaru. Zai ga dalilin barin tazara tsakanin rodi da katako kafin a zuba kankare, da dalilin yi masa ban ruwa na kwanaki, da abin da ya sa ake jiran kwana 28 kafin a ce ya yi ƙarfin da ake lissafi da shi. Zai san bambancin bulo mai inci tara da mai inci shida a aljihun mai gida. Zai kuma koyi magana da birkila, da kafinta, da mai ɗaurin rodi, waɗanda wasunsu sun haife shi. Ɗalibin da ya iso yana nuna takarda yana ɗaga murya, da ƙyar zai ji komai daga bakinsu. Wanda ya gaishe su ya ce, "Baba, don Allah nuna mini yadda kuke yin wannan," zai koma makaranta da abin da babu a littafi.

Sai dai ba kowa ke dacewa ba. Ofisoshin zanen gini sun taru ne a Abuja, Kaduna, Kano da Legas, ɗaliban kuwa sun fi guraben yawa. Wani zai ƙare wata shidansa yana buga takardu da zuwa aike. Wani za a ajiye shi gaban kwamfuta yana kwafar zanen wasu, bai taɓa taka wurin ginin ba. Wani ma a gida zai zauna, ya cike littafin a mako guda, ya nemi mai sa hannu. 'Yan mata sukan gamu da ƙarin shinge, domin akwai masu ganin filin gini ba wurin mace ba ne, sai a bar su a ofis da sunan tausayi, alhali hasara aka jawo musu.

Abin da magina suka sani

Akwai wani malamin da ɗalibi ke wucewa kullum a hanya. Maginan Hausa sun daɗe da amsa tambayoyin da ake yi a juri. Katangar tubali mai kauri tana riƙe zafin rana, ba ta sakin sa sai dare ya yi sanyi. Azarar giginya gara ba ta cin ta da sauƙi, amma gajeriya ce, don haka aka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga domin a rufe ɗaki mai faɗi ba tare da an cika shi da ginshiƙai ba. Indararo yana jefa ruwa nesa da gindin bango. Makuba daga kwasfar ɗorawa, da katsi daga marina, suna kare yaɓe daga damina, musamman a bangon gabas inda hadari ya fi duka.

Tsarin gidan ma ilmi ne. Zaure yana karɓar baƙo ba tare da ya ga cikin gida ba. Tsakar gida wurin girki ne, da shanya, da taron suna. Mai mata biyu yana buƙatar ɗakunan da ba wanda ya fi wani, banɗaki ba ya fuskantar alƙibla, kuma ana barin fili don ranar da ɗa zai yi aure. Zanen da aka kwafo daga intanet bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shi ya sa mai gida yakan tare ya fara fasa bango.

An rubuta wannan ilmi, ba a bar shi a baki kawai ba. Z. R. Dmochowski, ɗan ƙasar Poland, ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, kuma shi ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka sake gina kwatankwacin masallacin Zariya. J. C. Moughtin ya wallafa littafi a kan ginin Hausa a 1985. Hamman Tukur Sa'ad ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Michigan a 1981 a kan yadda maginan ƙasar Hausa suke auna kyawun gini.

Inda aka haɗa biyun

Francis Kéré na Burkina Faso yana ɗalibi a Jami'ar Fasaha ta Berlin ya zana wa ƙauyensu Gando makarantar firamare, ya nemo kuɗin, mutanen gari suka yi aikin da hannunsu, aka gama a 2001. Bulon ƙasa ya yi amfani da shi, ya ɗaga kwanon rufi sama da silin don iska ta ratsa ta kwashe zafi. Ginin ya ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker a 2022.

Kusa da gida, Falké Barmou, manomi kuma magini a Yaama ta jihar Tahoua a Nijar, ya fara masallacin garinsu a 1962, ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, cikin jihar dai, Mariam Issoufou Kamara, wadda ta fara da ilmin kwamfuta kafin ta koma zanen gini a Jami'ar Washington, ta haɗa kai da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matse, tare da maginan yankin. An kammala a 2018.

Gyaran da ke hannunmu

Sassan jami'a za su iya sa kowane ɗalibi ya auna wani tsohon gini a garinsu ya zana shi kafin ya kammala, su kuma gayyaci sarakunan magina da ƙwararrun birkiloli su zauna a juri. Ofisoshin da ke karɓar ɗalibai su raba lokacin biyu, rabi a tebur rabi a fili, mace da namiji. Malaman da ke duba SIWES su riƙa tambayar ɗalibi abin da ya gani da idonsa, kada su tsaya ga sa hannun da ke littafi.

Shi kuma ɗalibi, kundin ayyukan da zai nuna wa mai ɗaukar aiki shi ne shaidarsa. Ya sa zanen hannu a ciki, da zanen aiki mai cikakken awo wanda birkila zai iya bi, da hotunan wurin ginin da ya yi koyo, da bayanin dalilin da ya sa tagoginsa suka kauce wa yamma. Mai ofis da ya san sana'arsa zai wuce hoton gilashi da sauri, ya tsaya a kan shafin da ke nuna yadda rufi ya zauna a kan bango, domin a nan ake gane wanda za a iya tura wa wurin gini shi kaɗai.