TAKALMIN HAWA BABUR: ƘAFAR ƊAN KASUWA JARINSA CE

Duk wanda ya san harkar shanu a Kumasi ya san cewa yau babur ya zama dokin ɗan kasuwa. Dillali da mahauci da yaron maigida, kowa da asuba zai tashi daga Asawase ko Aboabo ko Sawaba, ya bi ta mahaɗar Anloga da Asokwa ya nufi kara da mayanka a Kaase, domin ya riga wani ganin shanun da manyan motoci suka sauke daga Paga ko Bawku. Wasu ma a kan babur ɗin suke shiga ƙauyukan Ejura da Yeji neman dabba. To amma in ka duba ƙafafun mahayan nan, abin da za ka gani shi ne silifa, wato cale-wote, ko fade, ko wani sau-ciki mai laushi da aka take bayansa. Mutum na ɗauke da kuɗin sa uku a aljihu, amma takalmin ƙafarsa bai kai kuɗin igiyar da ake ɗaure san ba.

Dokar hanya ta 2004 ta wajabta sa hular kwano, kuma tsoron ɗan sanda kan sa mutum ya rataya ta ko da ba ya so. Ƙafa kuwa ba mai tsayar da kai a kanta, saboda haka aka manta da ita. Alhali kuwa likitoci sun daɗe da sanin cewa ƙafa tana cikin gaɓoɓin da suka fi jin rauni idan babur ya faɗi, domin ita ce ke fara taɓa ƙasa, kuma a kanta babur ke kwanciya.

ABIN DA KE SAMUN ƘAFA

A ƙafa ɗaya, daga idon sawu zuwa yatsu, akwai ƙasusuwa 26. Ƙanana ne, kuma ba nama mai kauri da ya rufe su. Hanyoyin da babur ke cutar da su sanannu ne. Na farko gogar kwalta, wadda kan kankare fata har ƙashi ya bayyana. Na biyu nauyin babur idan ya danne idon sawu. Na uku ƙunar salansa, wadda galibi ke gefen dama. Na huɗu sarƙa da wayoyin taya, waɗanda kan kama dunduniyar wanda aka goya, musamman yara. Na biyar murɗewa, lokacin da mutum ya sa ƙafa a ƙasa yana son tare faɗuwa.

Mu 'yan shanu muna da ƙarin haɗari guda biyu. Akwai kofato, domin duk wanda sa ya taɓa takawa ba ya bukatar a yi masa bayani. Akwai kuma ƙazantar kara. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, kuma ta ƙaramin rauni take shiga jiki. Mai ciwon suga kuwa, ɗan gurjewar da wani zai warke cikin mako shi kan iya zama masa gyambon watanni.

A yi lissafin kasuwa. Karayar idon sawu, ko a asibitin Komfo Anokye aka ɗora ko wajen maɗorin gargajiya, ba ta cika warkewa ƙasa da mako 6 ba, wani lokaci sai an yi wata 3 kafin mutum ya taka sosai. To Malam, in wannan ta same ka ana saura wata guda Babbar Salla fa? Fataken da suka saba sauka a hannunka ba za su jira ka ba, domin dabba tana cin abinci kullum, tana kuma ramewa. Masu bashinka su ɓace, waɗanda ke bin ka kuwa su san hanyar gidanka. Wannan ita ce asarar da ake auna kuɗin takalmi da ita.

Wani zai ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, kuma ba takalmin da zai hana karaya idan babbar mota ta bi ta kan mutum. Amma yawancin faɗuwar da ake yi ƙarama ce: santsin damina, yashi a kwana, adaidaita ko aboboya ta yanko ba zato. A irin wannan ne takalmi ke raba wanda zai kakkaɓe riga ya ci gaba da wanda za a ɗauka ranga-ranga. Wani bincike da aka wallafa a 2011 a ƙasar Ostareliya, a kan mahaya 212 da suka yi haɗari, ya nuna cewa ko dogon takalmin da ba don babur aka yi shi ba ya rage raunin ƙafa da kusan rabi, in aka gwada da ƙaramin sau-ciki ko kambas. Wannan labari ne mai daɗi gare mu, domin ya nuna ba sai an sayi na Turai mai tsada ba kafin a sami kariya.

YADDA AKE GANE NA ƘWARAI

Kada ka saya da ido kawai, sa hannu ka gwada, kamar yadda ba ka sayen sa sai ka taɓa ƙirjinsa da bayansa.

Tsawo shi ne farko. Lalle ya rufe idon sawu gaba ɗaya, ya haura shi da kamar faɗin yatsu huɗu. Wanda ya kai tsakiyar ƙwauri ya fi, domin shi ke kare ƙunar salansa.

Sai fatar. A nemi ƙirgin sa mai kauri, kamar milimita 2. Fatar akuya da ta tunkiya suna da kyau a jaka da fade, amma sun yi sirara a wannan aiki. Akwai kuma roba da ake yi wa zane kamar fata. Duba bakin da aka yanka: fata ta gaskiya tana da gashi-gashi, roba kuwa za ka ga yadi a bayanta.

Sai ƙasan takalmin. Kama gaba da baya ka murɗa kamar mai matse wanki. In ya murɗe cikin sauƙi, ajiye shi. Sa'an nan ka matse shi ta gefe da gefe da hannu biyu. In ya lanƙwashe a hannunka, yaya ke nan in babur ya kwanta a kai? A so wanda aka ɗinke ƙasansa da zare, ba wanda aka manna da gam kawai ba, kuma ya zama yana da 'yar dunduniya da za ta riƙe matakin ƙafa, da zane mai zurfi saboda santsin mayanka.

Sai dunduniya da gaban yatsu. Danna su da babban yatsa, kada su lotsa. Mai ƙarfe a gaba, irin na ma'aikatan gini da ma'adinai, yana da amfani ƙwarai a kara saboda kofato. Aibinsa shi ne kauri, wanda kan hana shi shiga ƙarƙashin giya. Amma baburan da muka fi hawa, irin su Boxer, giyarsu gaba da baya ce, ana taka ta da yatsu ko da dunduniya, don haka matsalar ba ta da yawa.

Sai maɗauri. Takalmin da ya fita daga ƙafa lokacin faɗuwa bai yi aikin komai ba. Igiya tana riƙewa sosai, amma a riƙa cusa bakinta ciki kada ta kama giya ko sarƙa. Da yake muna cirewa sau da yawa a rana saboda alwala, wanda ya fi dacewa shi ne mai igiya a gaba da zif a gefen ciki, da wata 'yar fata mai rufe zif ɗin. Takalmin da ke ba da wahalar cirewa, kwana uku za a koma wa silifa.

Takalmin ruwa na roba da mahauta ke sawa yana da kyau a cikin mayanka, amma ba na hanya ba ne. Ba ya riƙe idon sawu, yana fita nan da nan, kuma zafin salansa na narka shi.

NA WAJE DA NA GWANJO

Takalman babur da ake yi a Turai suna ɗauke da wata 'yar takarda a ciki mai hoton babur da lamba EN 13634. A sabon tsarin 2017 akwai lambobi huɗu a jere, kowanne 1 ko 2: tsawo, jure gogar kwalta, jure yanka, da jure matsewa ta gefe. Lamba 2 ta fi 1. Na ma'aikata mai ƙarfe a gaba kuwa lambarsa ISO 20345. Irin waɗannan kan faɗo cikin dilar gwanjo a Kejetia ko a Kantamanto ta Ankara, kuma mai sa'a kan dace.

Sai dai a yi hattara. Da yawa daga cikinsu ƙasansu wata roba ce mai kumfa wadda ke ruɓewa in ta daɗe a ajiye, balle a laima da zafi irin na Kumasi. Za ka gan shi sabo fil, ka yi mako ɗaya ya fara marmashewa kamar busasshen burodi. Lanƙwasa shi sosai, ka kuma sa farce ka karta kafin ka biya. Har ila yau a guji mai launin kakin soja, domin rundunar sojan Ghana ta sha gargaɗin farar hula a kan sa kayan da suka yi kama da nata.

NA GIDA

Garin nan ba baƙo ba ne a harkar takalmi. Tun zamanin Kwame Nkrumah, a shekarun 1960, aka kafa masana'antar takalma a Atonsu da taimakon ƙasar Cekoslobakiya. Ta durƙushe shekaru masu yawa, sa'an nan kamfanin DIHOC na rundunar soja ya haɗa hannu da 'yan kasuwar ƙasar Cek aka farfaɗo da ita, Shugaba John Mahama ya sake buɗe ta a 2014 domin ɗinka wa sojoji da sauran jami'an tsaro dogayen takalma. Irin ɗinkin da ake yi wa jami'an tsaro, in baƙi ne ko ruwan ƙasa marar tambari, ya yi kusa ƙwarai da abin da mahayin babur ke bukata.

Bayan wannan ga ɗimbin masu ɗinkin takalmi da hannu a kewayen babbar kasuwa da cikin unguwanni, waɗanda aikinsu ke tafiya har ƙasashen maƙwabta. Ga kuma namu na Zango. A nan Asawase akwai majema da ke jima da bagaruwa kamar yadda kakanninsu suka zo da ita daga ƙasar Hausa, haka ma a Tamale da Bolgatanga da Bawku. Dukawan da suka gaji ɗinka wa mahaya dawaki dogon takalmin fata ba za a koya musu rufe ƙwauri ba.

Matsalar ita ce ƙirgi, kuma a nan ne maganar ta dawo kanmu. Yawancin fatun shanun da ake yankawa a Kaase ba sa ganin majema. Babbake su ake yi a mai da su ganda, wadda a nan ake kira wele, su ƙare a tukunyar mai wake da shinkafa, domin mai wele na biya nan take, majemi kuwa sai ya yi makonni yana aiki kafin kuɗinsa ya dawo. Shi ya sa majemanmu suka fi aiki da fatar akuya da tunkiya, masu ɗinki kuma suka dogara da fatar waje da roba. Ko a Nijeriya, inda ake da manyan majemu a Sharaɗa da Challawa a Kano da dubban masu ɗinki a Aba, ƙirgi tukunya yake tafiya. Wato dai mu ke da sa, mu ke da fata, mu ne kuma ke yawo da cale-wote.

Sai a faɗi gaskiya a kan na gida. Ba a gwada shi a na'ura ba kamar mai lamba EN, kuma jimar bagaruwa tana shan ruwa, tana yin tauri in ta bushe. Maganin wannan shi ne a riƙa shafa mata man kaɗe, a shanya a inuwa, kada a kusa da wuta. Amma na gida yana da abin da na gwanjo ba shi da shi: a ƙafarka aka auna, ka ga fatar da idonka, in ya lalace kuma ka san wanda za ka koma wa.

IN ZA KA BA DA ƊINKI

Ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa. A auna ƙafafu biyu. Ka ce wa maɗinkin kana son ƙirgi mai kauri, ɗinki layi biyu da zare mai ƙarfi, a ninka fata a kan idon sawu ciki da waje da ɗan soso a tsakani, a sa abu mai tauri a dunduniya da gaban yatsu, a ƙara faci a saman ƙafar hagu inda giya ke ci. A ƙasa a sa ƙarfen da ake sawa tsakanin dunduniya da tafin ƙafa, sa'an nan roba mai kauri. Tsohuwar tayar mota ma tana yi, ga jure kwalta ga araha, in dai an ɗinke ta. Ranar karɓa ka sa, ka tsuguna, ka hau babur ka taka giya da birki kafin ka cika kuɗi.

Shawara ga shugabanninmu da iyayen gida ita ce a haɗa kai. Mutum ɗaya ba zai sa majemi ya jeme ƙirgi ba, amma mutum talatin za su iya. A ware fatu masu kyau waɗanda wuƙa ba ta huda ba, a ba majemi, a sa a ɗinka ƙafa ɗaya ta gwaji, wani ya yi wata guda da ita, in ta yi a ba da sauran. Kuma Alhaji, kada a manta da yaran da ake aika su kai nama ko su karɓo kuɗi, domin sun fi kowa daɗewa a kan hanya, kuma in sun karye a wuyanka jinyar take.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A nemi takalmin tun kafin damina ta kankama, tun kafin hada-hadar Salla. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a kasuwa, amin.