Pinarello: Yadda wanda ya zo na ƙarshe a tseren keke ya kafa kamfanin da ke ƙera kekunan zakaru

A shekarar 1951, wani matashi mai suna Giovanni Pinarello ya kammala gasar Giro d'Italia, tseren keke mafi girma a Italiya, a matsayi na ƙarshe.

A wancan zamani wanda ke kan gaba riga mai ruwan hoda yake sakawa, shi kuwa na ƙarshe sai a ba shi baƙar riga da ɗan tukwici. Pinarello ne aka bai wa wannan riga a shekarar, kuma daga nan aka dakatar da bayar da ita.

Yau sunansa ne ke rubuce a jikin wasu daga cikin kekuna mafi tsada a duniya, waɗanda farashin guda ɗaya kan haura Yuro 10,000.

Kuɗin sallama ya zama jari

An haifi Giovanni a 1922 a wani ƙauye kusa da birnin Treviso da ke arewa maso gabashin Italiya, a gidan manoma masu ƙaramin ƙarfi. Tun yana yaro ya koyi aikin haɗa keke, kafin ya shiga tsere.

Ana gab da fara gasar Giro ta 1952, ƙungiyarsa ta nemi ya bar wa wani ɗan tsere, Pasquale Fornara, gurbinsa. Aka ba shi Lira 100,000 a matsayin sallama.

Hausawa na cewa wani hani ga Allah baiwa ne. Da wannan kuɗi ya buɗe ƙaramin shago a Treviso, yana yanka bututun ƙarfe yana haɗa firam ɗin keke da hannu.

Dabararsa ita ce ya bai wa ƙungiyoyin tsere kekunansa su hau, in sun yi nasara ta zame masa talla. Ya fara da ƙananan ƙungiyoyin yankinsu, kuma sai da ya jira fiye da shekara 20 kafin babbar nasara ta zo. A 1975 Fausto Bertoglio ya lashe gasar Giro a kan keken Pinarello.

Daga Italiya zuwa duniya

A 1984 Ba'amurke Alexi Grewal ya ci zinare a gasar Olympics ta Los Angeles a kan keken kamfanin. Bayan shekara huɗu Pedro Delgado na Sifaniya ya lashe Tour de France, gasar da ta fi kowace daraja a tseren keke.

Sai kuma zamanin Miguel Indurain, wanda ya lashe Tour de France sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, ya kuma sa sunan Pinarello ya shiga bakin duniya. A lokacin ɗan Giovanni, wato Fausto Pinarello, ya fara karɓar ragamar kamfanin.

Nasara mafi tsawo ta zo ne bayan da kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Team Sky ta Birtaniya, wadda ta fara tsere a 2010. Tsakanin 2012 da 2019, Bradley Wiggins da Chris Froome da Geraint Thomas da Egan Bernal sun lashe Tour de France sau bakwai cikin takwas, dukkansu a kan keken Pinarello samfurin Dogma.

Giovanni ya ga farkon wannan nasara kafin rasuwarsa a 2014 yana da shekara 92.

Me ya sa suke da tsada haka?

Firam ɗin Dogma na yanzu ba ƙarfe ba ne. Da zaren kabon ake yin sa, wanda kamfanin Toray na Japan ke samarwa. Ana jera shi falle-falle a cikin mazubi sannan a gasa, ya fito ba nauyi amma ga ƙwari.

Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta amfani da keken da nauyinsa bai kai kilo 6.8 ba. Shi ya sa kamfanoni suka karkata wajen rage yadda iska ke danne mahayi, suna kashe maƙudan kuɗi a gwaje-gwaje.

Pinarello ya kuma yi suna da firam da ɓangarorinsa biyu ba su zama iri ɗaya ba. Dalili shi ne sarƙar keke tana ɓangaren dama, nan ne ƙarfin taka feda ya fi sauka, don haka ake ƙara wa wajen ƙwari.

A watan Oktoban 2022 ɗan Italiya Filippo Ganna ya kafa tarihi a Switzerland, inda ya yi tafiyar kilomita 56.792 cikin sa'a guda. Da na'urar 3D aka buga firam ɗin kekensa daidai da awon jikinsa.

Kamfanin ya bar hannun iyali

Bunƙasar ta zo da sauyi. A ƙarshen 2016 kamfanin zuba jari na L Catterton, mai alaƙa da rukunin LVMH da ya mallaki Louis Vuitton, ya sayi kaso mafi tsoka na Pinarello. A 2023 kuma aka sayar wa attajiri Ivan Glasenberg, tsohon shugaban kamfanin ma'adinai na Glencore. Fausto ya ci gaba da zama a shugabancin kamfanin.

Wasu masoya keke na ƙorafin cewa an mayar da shi kayan ƙawa na masu hannu da shuni. Akwai kuma masu tambayar ko har yanzu za a kira shi ɗan Italiya, tunda a nahiyar Asiya ake ƙera firam ɗin kabon, zane da fenti da haɗawa ne ake yi a Treviso.

Babban ƙalubalen dai yana kan titi. Bayan nasarar Bernal a 2019, kambun Tour de France ya koma hannun Tadej Pogacar mai hawan Colnago da Jonas Vingegaard mai hawan Cervelo. Kamfanin ya ɗan huce da zinare biyu da Tom Pidcock da Pauline Ferrand-Prevot suka ci a tseren keken tsauni a Olympics ta Paris a 2024.

Sai dai tun daga shagon Giovanni, nasara a manyan gasanni ce ke sayar da keken Pinarello, kuma ita masu saye ke jiran su sake gani a titunan Faransa.