Samfurin Haƙori da Matsalar Kalmomin Fannu a Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

Kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare a shekarar 2021 ya sake fito da wata daɗaɗɗiyar matsala. Ɗalibi yana koyon aiki da Ingilishi, alhali majinyacin da zai duba Hausa yake ji, galibi karin harshen Guddiranci. Wannan maƙala ta ɗauki misali ɗaya daga fannin haƙori.

2.0 Farfaɗo da Haƙori

Idan haƙorin dindindin na yaro ya karye ko ya ruɓe kafin saiwarsa ta ƙosa, naman da ke cikinsa yakan mutu, saiwar ta daina girma. A shekarar 2004 Banchs da Trope suka bayyana hanyar ceto irin wannan haƙori. Akan wanke ramin saiwar, a bar magani a ciki na 'yan makonni, sa'an nan a tsikari ƙarshenta da gangan har jini ya cika ramin ya daskare. A cikin wannan gudan jini ne ƙwayoyin halitta suke samun mazauni, su ci gaba da gina saiwar.

3.0 Samfurin Koyarwa

Haƙoran manya da aka cire, waɗanda aka saba koyo da su, bakin saiwarsu a tsuke yake, kuma ba su da jini. Saboda haka ake ƙera haƙorin roba mai buɗaɗɗiyar saiwa, a ajiye jan ruwa a ƙarƙashinsa, domin ɗalibi ya ƙware kafin ya taɓa yaro.

4.0 Matsalar Kalma

Samfuri yana horar da hannu, amma ba ya koyar da bayani. Kalmar "jijiya" ta ƙunshi hanyar jini da hanyar ji da saiwar itace. Uban da ya ji za a taɓa jijiyar haƙorin ɗansa har jini ya fito, zai iya ƙin amincewa, a yi asarar haƙorin. Ana iya keɓe "ɓargo" ga naman ciki, "saiwa" ga gindin haƙori, a kira aikin "farfaɗo da ɓargon haƙori".

5.0 Kammalawa

Ya kamata masana harshe da likitoci su gwada waɗannan kalmomi a bakin mutanen Azare, sa'an nan a riƙa koyar da su tare da samfurin a darasi guda.